Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin tsangayoyin kimiyya na jami'o'in Arewa

Assalamu alaikum iyayenmu malamai, Allah ya ƙara girma da lafiya.

Ni ɗalibinku ne, ko in ce tsohon ɗalibi tunda na karɓi sakamako har nayi bautar ƙasa na dawo, maikurobayoloji na karanta a ɗaya daga cikin jami'o'inmu na nan Arewa. Na daɗe ina juya maganar nan a raina, in rubuta in goge, saboda tarbiyyar da aka bamu yaro baya miƙewa gaban manya yace ga yadda za a yi. To koke na kawo, a kan a riƙa fitar da ɗaliban kimiyya makarantun da ke kewaye da jami'a su koyar da abinda suka karanta, kuma dan ƙannenmu da suke hannunku yanzu na kawo shi, ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe.

Ranku ya daɗe kun fi ni sanin waye ɗalibin da yake zaune a ajin maikurobayoloji ko bayokemistiri ko kemistiri ko fiziks a lebul 100. Ku shiga aji ku ce wanda ya cike wannan kos ɗin da hannunsa a JAMB ya ɗaga hannu, zaku ga hannaye nawa ne. Yawancinmu medisin muka nema ko famasi ko injiniyarin, makin bai kai ba ko gurbi ya cika aka turo mu nan, shekara ɗaya biyu mutum yana ta cukucukun canjin kos, in bai samu ba ya haƙura ya zauna kamar wanda aka yi wa auren dole. A gida ma in an tambaye ka me kake karantawa sai ka fara da bayanin abinda baka samu ba kafin ka faɗi abinda kake yi. Ni haka na yi shekara biyu da rabi, ina cin jarrabawa lafiya lau, CGPA ɗina ba laifi, amma ko a mafarki ban taɓa kallon kaina a matsayin masanin kimiyya ba. Handawut ne dai ake bamu mu haddace mu juye a takarda mu manta.

Abinda ya canja ni ba a ɗakin lakca ya faru ba. Muna lebul 300 wasu 'yan ajinmu suka kawo shawarar mu je wata sakandaren gwamnati ta jeka-ka-dawo a bayan gari mu nuna wa yara maikiroskof, mu bakwai ne, muka yi karo-karo muka biya adaidaita sahu biyu. Makarantar tana da ɗakin da aka rubuta wa lab a ƙofa amma kujeru karyayyu ne a ciki, yaran SS2 suna zana maikiroskof a littafi suna sa wa sassansa suna alhali basu taɓa leƙa idonsu a ciki ba. Muka ɗebo ruwan wani kududdufi da ke bayan katangar makarantar, ɗigo ɗaya a kan silaid, yara suka yi layi. Wallahi har yau ina jin ihun yaron farko a kunnena, ya ga wasu halittu masu siffar tafin silifa suna ta zirga-zirga a cikin ruwan da suke wanka a ciki da damina, ya ja da baya yana salati, sai layi ya rikice kowa yana so ya gani.

Sai wata yarinya 'yar SS1, ƙarama ce sosai, ta ɗaga hannu tace Malam, innarmu tana tace ruwan rijiya da ɗankwali sannan ta jefa alif, waɗannan abubuwan suna mutuwa?

Na tsaya. Na yi kos guda a kan ƙwayoyin halittar ruwa a wannan zangon, na san yadda ake ƙirga kolifom, wato bakteriyar da ake duba gurɓatar ruwa da ita, zan iya zana maka teburin a allo, amma amsar da zan ba yarinyar nan wadda zata kai wa innarta a yi aiki da ita a gida bani da ita. Nace mata ta bani mako ɗaya. A makon nan na yi karatun da ban taɓa yi wa wata jarrabawa ba, dan wannan karon in na yi kuskure ba maki zan rasa ba, wani gida ne zai ci gaba da shan ruwan da zai kwantar da yara. A nan na gano ƙyalle yana tare manyan abubuwa irin ƙuman ruwa mai ɗauke da tsutsar kurkunu, kuma tace ruwa na cikin manyan makaman da aka yaƙi kurkunu da su a ƙasar nan, cutar da a 1988 aka ƙirga mutum sama da 650,000 suna fama da ita a Najeriya, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an rabu da ita a 2013. Amma bakteriya ta fi ƙarfin ramin ɗankwali, wucewa take, alif kuma tattara dauɗa yake ya kwantar da ita ƙasa ruwa yayi garau, yana rage ƙwayoyin amma baya kashe su duka, sai an tafasa ko an sa kulorin. Wani ma'aikacin lab ɗinmu, Allah ya saka masa da alheri, ya taimaka min muka shuka ruwan gidansu a farantin lab guda biyu dan ƙwayoyin da ke ciki su tsiro, ɗaya ɗanye ɗaya tafasasshe, muka liƙe bakinsu na kai mata ta gani da idonta. Farantin farko ya cika da ɗigo-ɗigo, na biyu kusan fes.

Daga ranar in an tambaye ni me nake karantawa kai tsaye nake faɗa, na daina kawo zancen medisin. Kuma ba ni kaɗai ba, cikin mu bakwai ɗin nan duk wanda ka duba sai ka ga wani abu ya motsa a ransa. Akwai wata a cikinmu da ko tambaya bata iya yi a aji dan kunya, ita ce ta koma tana tsayawa gaban yara saba'in tana zuba lemon tsami a ruwan zoɓo yayi jajur, ta zuba jiƙaƙƙiyar kanwa a wani kofin ya juye yayi duhu-duhu kore, tana musu bayanin asid da alkali da Hausar da ko kakarta zata gane. Ranar difens ɗin furojet ɗinta malamai sai da suka tambayi ina ta koyi tsayuwa haka.

Daga baya na ci karo da wani bincike da wasu mata biyu a Amurka, Heidi Carlone da Angela Johnson, suka wallafa a 2007, sun bi rayuwar mata 15 da suka yi nasara a karatun kimiyya suna neman sanin yaushe ne mutum yake fara ɗaukar kansa ɗan kimiyya. Abu uku suka fitar, sanin abin, da iya yinsa a gaban mutane da kayan aikinsa da yarensa, sai kuma mutum ya yarda da kansa wasu ma su kalle shi su ce eh wannan ɗan kimiyya ne, kuma wannan na ukun shi suka ga yafi nauyi. Da na karanta sai naga ai labarinmu ne. Tsarin da muke ciki yana ƙoƙari a kan na farko, na biyu sama-sama tunda firaktikal mutum ashirin ne a kan benci ɗaya mutum biyu suna taɓawa sauran suna kwafar ripot, na ukun kuwa babu inda ɗalibi zai same shi a cikin katangar jami'a, dan a can shi lambar rajista ce kawai a cikin ɗaruruwa. Amma a gaban 'yan SS1 shi ne Malam, shi ake tambaya, kuma dole ya cika sunan.

Ku duba 'yan uwanmu na wasu tsangayoyin mana. Ɗalibin likitanci ana kai shi cikin al'umma tun yana makaranta, Jami'ar Ibadan tun 1963 take tura ɗalibanta Igbo-Ora, Jami'ar Ilorin tana da tsarin COBES na tura ɗalibai su yi karatu da aiki a cikin al'umma da aka santa da shi, a Kano ma ɗaliban likitanci suna zuwa cibiyar lafiya ta Kumbotso. Ɗalibin ilimi yana da tichin firaktis, na aikin gona yana da shekarar gona kuma ga al'adar malaman gona da cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya ta daɗe da kafawa, na lauya yana zuwa kotu yana ganin yadda ake yi. Shi yasa tun kafin su gama zaka ji suna magana kamar masu sana'ar. Mu 'yan tsantsar kimiyya me muke da shi? SIWES, wato tura ɗalibi wurin aiki ya koyi aikin a aikace, wanda asusun horas da ma'aikata na ITF ya kafa tun 1973, kuma niyyar kirki ce, amma an tsara shi ne da tunanin akwai masana'antun da zasu ɗauki ɗalibai, to kowa ya san halin da Sharaɗa da Bompai da Kakuri suke ciki yanzu in aka kwatanta da da. Da yawanmu wata shida muke yi muna zaune a benci a wani lab ana aikenmu, wasu ma logbuk ɗin kawai ake cikewa a sa hannu. Ban ce a soke shi ba, cewa nake ga wata ƙofa a buɗe kusa da ku wadda bata buƙatar masana'anta, makarantun sakandare da firamare da islamiyyu sun kewaye kowace jami'a.

Akwai kuma maganar harshe, ita ce ma tafi damuna. Duk karatunmu da Turanci ne kuma ba laifi, amma mutum yana iya ɓuya a bayan Turanci, ya jero kalmomin da shi kansa bai gane ba ya ci maki. Da Hausa ba wurin ɓuya. Ka gwada yi wa dattijo bayanin dalilin da yasa kafso ɗin da yake saya a kemis baya maganin mura, alhali a Hausa bakteriya da bairos duk ƙwayar cuta muke ce musu, dole ka zauna ka nemo hanyar raba su, kuma a wajen nemowar ne kai kanka zaka gane bambancin da gaske. Ko maganar sikila, duk ɗan lebul 100 zai zana maka akwatin nan mai gida huɗu ya ce in mai jinin AS ya auri mai AS damar haifar ɗa mai sikila ɗaya cikin huɗu ce, amma wani abokina wani magidanci ya tare shi bayan sun gama bayani a wata makaranta yace to ni 'ya'yana uku lafiyarsu ƙalau, kenan na huɗun ne zai zo da ita? Sai da yayi gumi kafin ya iya fahimtar da shi cewa kowane ciki lissafinsa daban, kamar a jefa kwabo ne kowane jifa sabo ne. Yanzu da jihar Kano ta sa dokar gwaji kafin aure a 2024 irin wannan tambayar tana nan a kowace unguwa, wa zai amsa ta in ba yaran da kuke yayewa ba?

Kuma mu a Arewa mun ɗanɗana kuɗar rashin masu bayani. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohi saboda jita-jita, kuma tsoron mutane yana da tushe dan ba a manta da gwajin maganin Trovan da aka yi a kan yara a Kano a 1996 lokacin sanƙarau ba, shan innar ta sake bazuwa har ƙasashen waje, sai a 2020 aka ce Najeriya ta rabu da ita. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara, ana niƙa dutsen zinare a tsakar gida inda yara ke rarrafe, iyayen nan basu san abinda ke cikin ƙurar ba. A duk shekarun nan jami'o'inmu suna yaye dubban masu digirin kemistiri da bayoloji 'yan asalin waɗannan garuruwan. Mutanenmu sun fi yarda da ɗan unguwarsu da suka san ubansa a kan baƙon da ya sauko daga farar mota, amma ɗan unguwar ba a taɓa koya masa buɗe baki ya yi bayanin abinda ya karanta ba, ba a ma taɓa nuna masa cewa wannan yana cikin aikinsa ba.

Yanzu ga inda koken yake. Lokacin da muka so mu mai da fitar nan ta zama duk wata, mun nemi takardar gabatarwa daga sashenmu dan shugabannin makarantu suna tambaya, muka yi wata biyu muna sintiri, ƙarshe aka ce mana ba a san a ƙarƙashin wane ofis abin yake ba. Maikiroskof kuwa aro muke a ɓoye muna addu'ar kar wani abu ya same shi. Wani malaminmu da nake ganin girmansa har gobe ya kira ni gefe yace in daina ɓata lokacina in fuskanci karatu, kuma na san dan yana sona ya faɗa, a lissafinsa abinda ba ya cikin tiranskirif ba karatu bane. Da muka gama abin ya mutu, dan babu wanda ya gada. Wannan shi ne ciwon, duk shekara sai an samu wasu yara masu zuciya sun fara, da kuɗin abincinsu, su gama su tafi, na bayansu su sake farawa daga tushe.

Alhali dama tana hannunku. Sabuwar manhajar CCMAS da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta daidai da buƙatar yankinta. Dan Allah a cikin kashi 30 ɗin nan a samu kos ɗaya, ko yunit 2 ne, a lebul 300, wanda ɗalibi zai je makaranta ɗaya ya riƙa komawa tsawon zango, ya tsara darasi, ya gwada shi a gaban malaminsa kafin ya fita, ya rubuta abinda yara suka tambaye shi da inda ya kasa da yadda ya nemo amsa, malamin makarantar ma ya ba da nasa makin. Ba sabon abu bane a duniya, a Ingila tun 2002 Simon Singh da wani abokin aikinsa suka fara tsarin da ɗaliban lissafi da kimiyya suke zuwa makarantu ana basu maki a matsayin kos, a Amurka hukumar da ke ba da kuɗin binciken kimiyya ta yi shekaru daga 1999 zuwa 2011 tana biyan ɗaliban gaba da digiri su shiga azuzuwan firamare da sakandare. A gida ma muna da abin koyi, Dakta Mahmoud Bukar Maina ɗan jihar Yobe ya yi shekaru yana wannan aiki na kai kimiyya makarantu da wajen jama'a kafin a kai ga kafa cibiyar bincike ta BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu. Kuma ai Kano ce ta kafa makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, da yawa cikin farfesoshin da ke karanta wasiƙar nan can suka fara riƙe tes-tub, kun san abinda taɓa kayan aiki da hannu yake yi wa yaro.

Na san za a ce kuɗi. Gaskiya ne babu kuɗi, amma abinda muka kashe a fita ɗaya bai wuce kuɗin adaidaita da zoɓo da lemon tsami ba, kuma akwai maikiroskof na takarda da ake kira Foldscope da aka ƙirƙira a Jami'ar Stanford, kuɗin haɗa shi bai kai dala ɗaya ba, yana girmama abu sau 140, ya isa a ga abinda ke yawo a ruwan kududdufi. Motar tsangaya da ke fake ranar Asabar ma ta isa. Za a ce tsaro, shi ma gaskiya ne kuma ban raina shi ba, kar a tura 'ya'yan mutane inda hanya bata da kyau, a fara da makarantun da ke tafiyar ƙafa daga ƙofar jami'a, suna da yawa. Za a ce kalanda a matse take tun bayan yajin aikin wata takwas na 2022 ana ta gudu a cike giɓi, to shi yasa nace a sa shi cikin manhaja ya samu gurbinsa a jadawali, in aka bar shi a matsayin aikin sa kai kullum shi za a fara yankewa.

Abu ɗaya da ni kaina nake tsoro shi ne abin ya koma na hoto. Mun gani, a buga riga da bana, a je makaranta awa ɗaya a raba biro a ɗau hoto da yara a watsa a Facebook shikenan. Wannan baya gina kowa, yaran basu ƙaru ba ɗalibin ma bai ƙaru ba. Abinda ya yi min aiki komawar da na yi ne mako na biyu da amsa a hannuna, da sanin cewa akwai wadda take jirana. Sannan ɗalibi zai iya faɗin abinda ba daidai ba a gaban yara, musamman a harkar lafiya, ya fara rubuta wa mutane magani dan an kira shi dakta, shi yasa muke buƙatarku a kanmu, a koya masa iyakarsa, a koya masa cewa ban sani ba amma zan binciko, dan wannan ma rabin tarbiyyar masanin kimiyya ce kuma ba a koyonta a handawut.

In kos ɗin zai ɗau lokaci kafin ya bi ta kwamitoci ya kai majalisar jami'a, akwai abinda kowane shugaban sashe zai iya yi a wannan zangon ba sai ya jira kowa ba. A naɗa malami ɗaya matashi da ɗalibai zasu riƙa zuwa wajensa, a buga takardar gabatarwa mai hatimin sashe a ajiye, a ware maikiroskof ɗaya ko biyu daga cikin tsofaffin da za a riƙa sa hannu a ɗauka a dawo da su, a buɗe fayil da za a riƙa ajiye darussan da kowane rukuni ya tsara dan na baya su ɗora a kai. Kuma in ɗalibi ya zo neman takardar shaida bayan ya gama a rubuta masa cewa ya yi wannan aiki. Mu da muka riga muka fita muna nan, da yawanmu muna koyarwa a irin waɗannan makarantun yanzu, in kun kira mu zamu zo mu raka ƙannenmu fitar farko mu haɗa su da shugabannin makarantu.

Allah ya ƙara muku lafiya da haƙuri da mu, ya saka muku da alheri a kan abinda kuka koya mana.

Naku,
ɗaya daga cikin ɗalibanku.